Kwantabul ɗin Gazawa a Bakin Teku

Na ga teku tun kafin in gane an cuce ni. Shi ya sa har yau idan na tuna ranar da na sauka Kwatano, ba baƙin ciki ne ke fara zo mini ba, wani shuɗin haske ne mai faɗi da ba a ganin ƙarshensa. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni daga tasha ya bi ta bakin ruwa, na taɓa kafaɗarsa na ce ya ɗan tsaya. Ni ɗan Gazawa ne, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na tabkin da ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Na tsaya da jakata a hannu ina kallo, ƙarar ruwan tana tashi tana kwanciya kamar iska a gonar gero bayan ya fid da kai. Sai da mai babur ya daka mini tsawa sannan na dawo hayyacina.

Sunana Lawali. A Maradi na yi karatun lissafin kuɗi, na fito kwantabul, na kama aiki a buro, wato ofis, na wani ɗan kasuwa mai sayen aya da wake. Mutumin kirki ne, amma albashin da ya yanka mini ranar farko shi nake karɓa har na auri Rakiya, har aka haifa mana Hauwa'u. Aikinmu hawa-hawa ne. Akwai mataimaki, akwai kwantabul, akwai shugaban sashe, can sama kuma akwai babban kwantabul, wanda in ya sa hannu a lissafin kamfani, banki da gwamnati sai su yarda. Ba a kai wa nan sai an yi shekara uku ana koyon aiki a ƙarƙashin wani babba, abin da muke kira sitaj, kuma dole ƙungiyar manyan kwantabul ta rubuta sunanka tun daga farko, sannan a zauna jarrabawa. Wannan kujera ta sama ce nake mafarki da ita ido biyu, ina zaune tsakanin buhunan aya.

Wani mutum mai kwat da ƙamshin turare, Mushe Firme, wato Malam Firme a bakin masu Faransanci, shi ya ce mini yana da buro a Kwatano kuma zai ɗauke ni sitaj. A wani taron bita muka haɗu a Maradi. Ya karɓi kuɗin rajista, waɗanda sai da Rakiya ta sayar da awakinta kafin su cika.

Adireshin da ya ba ni ya kai ni wani shago mai labulen roba. Na leƙa, sai na ga mata zaune ana yi musu kitso. Mai shagon ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce da Faransanci:

"Firme kake nema? Zauna ka sha ruwa. Ba kai ne na farko ba."

Na sha ruwan. Ban ji zafi ba a lokacin, sai wani irin sanyi, kamar dai abin wani yake faruwa da shi ni kuma ina kallo daga nesa.

Da la'asar ƙafata ta kai ni masallacin Zongo. Bayan sallama ina addu'a da ƙarfi ban sani ba, sai wani dattijo siriri mai malfa ya matso kusa da ni.

"Yaro, wagga Hausa taka ta wajenmu ce. Ɗan ina ne kai?"

"Gazawa, Baffa."

"Ni Cadakori. Ashe gida ɗaya muke. Mi ya same ka?"

Sunansa Bello, Bafillace ne mai kawo tumaki daga gida yana sayarwa a kara, kasuwar dabbobi. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ɗauki jakata da kansa. A rumfarsa na zauna watanni, tsakanin warin tumaki da hayaƙin itace. Kullum da hantsi yakan dama fura da ɗan nonon da yake samu wurin 'yan uwansa, ya miƙo mini ludayi ya ce, "Sha, malamin lissahi. Ciki ba ya jin Faransanci." Idan na rufe ido a wannan rumfa, kukan tumaki yakan mayar da ni bayan gidanmu, in ga Inna tana watsa musu dusa, in ji kamar zan iya miƙa hannu in taɓa dangar kara.

Na kira Rakiya na faɗa mata komai. Da na gama sai ta ce, "Awaki na haihuwa, Baban Hauwa. Kai dai ka ci abinci."

Baffa Bello ne ya haɗa ni da wani dillalin tsofaffin motoci da ke bakin tashar jiragen ruwa. Na zama mai rubuta masa shige da fice, a cikin wani akwatin ƙarfe da aka mayar buro, rana tana gasa shi kamar tanda. Ta tagar akwatin nake ganin motoci jere ba iyaka, gilasansu suna walƙiya, yawancinsu ƙasarmu za a kai su. Nakan zaɓi ɗaya da ido in raka ta a zuciyata, ta wuce Gaya, ta wuce Doso, ta wuce Gidan Rumji, har ta tsaya a ƙofar gidanmu. Albashin bai fi na Maradi ba, ga shi babu wani mataki a gaba. Da shekara ta zagayo na ji labarin wani buro a Lome yana neman mutum. Baffa Bello ya raka ni tasha, ya cusa mini ƙullin dabino a aljihu, ya juya da sauri kafin in gama godiya. Ban sake ganinsa ba. An ce mini daga baya ya koma Cadakori ya daina fatauci.

Lome gari ne mai tsabta da itatuwan kwakwa, teku kuma tana nan a gefen titi kamar maƙwabciya. Buron Mushe Amega yana hawa na uku na wani bene, da na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashe ta. Babban kwantabul ne na gaske, takardar shaidarsa tana rataye a bango. Ya gwada ni da wani lissafi mai sarƙaƙiya, na warware, ya yi murmushi.

"Ku mutanen arewa kuna da haƙuri, ina son haka. Zan rubuta sunanka a ƙungiya. Albashin mai sitaj ba yawa, ka sani, amma shekara uku kamar gobe ne."

Na yi aiki a wurin nan kamar ba ni da jiki. Lissafin masu shigo da shinkafa, na masu otel, na wani kamfanin siminti, duk ta hannuna suke bi kafin ya sa hannu. Idan na daɗe ina kallon kwamfuta, lambobin sukan rikiɗe su zama kamar tururuwa a bakin rumbu, sai in ga kaina a gonarmu ƙarƙashin gawo, Baba yana gaba da hauya a kafaɗa, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko. Sai wayar buro ta yi ƙara, gonar ta watse.

Akwai wata mata a buron, Madam Akuwa, ta girme ni sosai, gashinta ya fara furfura. Tun kafin a haifi wasu ma'aikatan take wurin, amma har lokacin mataimakiya ake kiranta. Kirista ce, amma ita ta fara lura cewa ina salla a ƙarƙashin matakala, ta share mini wani lungu a ɗakin ajiye takardu. Da azumi takan ajiye mini kunun masara a kwalba, ta ce, "Ɗana, in rana ta faɗi ka sha wannan kafin ka hau mota." Ba ta cika magana ba. Wani lokaci nakan ɗago kai in ga tana kallona, kamar akwai maganar da take son faɗa mini.

Sau ɗaya na je gida a waɗannan shekaru. Hauwa'u ta fara tafiya da gudu a lokacin, da na miƙa hannu zan ɗauke ta sai ta ƙwalla ƙara ta shige zanen uwarta. Kafin ta saba da ni hutuna ya ƙare.

A shekara ta biyu, lokacin rufe lissafin kamfanoni da buro ke cika da aiki, ƙanena ya kira ni da hantsi. Baba ya rasu da asuba, har an kai shi. Na shiga wurin Mushe Amega na roƙi ko mako guda in je a yi zaman makoki da ni. Ya dafa kafaɗata, ya ce ya ji mini ƙwarai, amma in na tafi a wannan wata zai katse mini sitaj, sai dai in sake daga farko. Na koma kujerata na zauna. Da aka tashi cin abincin rana na sauka bakin teku, na tuɓe takalmi, na yi ta tafiya cikin yashi. Masunta suna jan wata doguwar igiya daga ruwa suna waƙa, sai na ji waƙar ta koma irin ta 'yan gayya a gonar Baba, na ga kamar shi ne a ƙarshen layi, ya ɗaura rawaninsa a ƙugu. Na tsaya har ruwa ya jiƙa mini wando zuwa gwiwa.

Da shekara ta uku ta kusa cika, na fara shirin jarrabawa. Wata rana muna cin abinci ƙarƙashin mangwaron da ke bayan bene, Madam Akuwa ta ajiye cokalinta.

"Lawali, ka taɓa zuwa ƙungiya da ƙafarka ka tambaya ko sunanka yana can?"

"Ai Mushe ya ce ya rubuta."

"Ni ma haka ya ce mini. Ina da ƙuruciya a lokacin." Ta share bakinta da gefen zane. "Na daɗe ina son in faɗa maka, tsoron rasa aikina ya hana ni. Ka je gobe."

Na je. Wani matashi mai tabarau ya duba a kwamfuta, ya sake dubawa da wani rubutun sunana, sannan ya girgiza kai. Babu wanda ya taɓa kawo sunana wurin. Shekarun da na yi, a wurinsu, ba a yi su ba.

Da na tunkari Mushe Amega bai ko ɗaga murya ba. Ya ce mantuwa ce, takardu sun yi masa yawa. Sannan ya jingina da kujera ya ce:

"Mu bar wannan. Daga wata mai zuwa kai ne shugaban sashe. Zan ninka maka albashi, in ba ka ɗaki a unguwa mai kyau, ka kawo matarka. Me za ka yi da jarrabawa? Mutane nawa ne suke faɗuwa? Ka zauna tare da ni, ba za ka rasa komai ba."

Gaskiya maganar ta shige ni. Na fita ina ganin Rakiya a wani ɗaki mai tayil, Hauwa'u cikin rigar lakol, wato makaranta, tana cin burodi da safe, ni kuma na huta da ɗakin haya mai yoyo. Na kuma ga Madam Akuwa a kujerarta ta bakin taga, inda ta tsufa. Na kira gida.

Rakiya ta saurara. Ina jin kukan zabi a bayanta da ƙarar turmi daga maƙwabta.

"Baban Hauwa, in na ce maka ban gaji ba na yi ƙarya. Yarinyar nan kullum sai ta tambaye ni ko kai cikin wayar kake zaune. Amma Baba ya tahi bai gan ka ba saboda wannan abu. In ka bar shi yanzu, to don mi aka yi duk wannan? Kuma mutumin da ya ci maka shekara uku, shi za ka miƙa wa sauran?"

"In na sake daga farko, wasu shekarun ne hwa, Rakiya."

"Na sani. Ni ma ina iya lissahi."

Muka yi dariya mu biyu, irin dariyar da ake yi don kada a yi kuka.

Na ƙi tayin Mushe Amega. Madam Akuwa ce ta nema mini hanya. Tana da wata ƙawa tun ta makaranta, Hajiya Kone, babbar kwantabul a Abijan. A gabana ta kira ta, ta yi magana mai tsawo, har Hajiya ta yarda ta ɗauke ni sitaj. Ranar da zan tafi ta kawo mini rigar ruwa sabuwa, ta ce ruwan Abijan ba ya sallama. Na ce mata, "Mama, ke fa?" Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita tata motar ta riga ta wuce, in je kawai.

Abijan ta ruɗa ni. Gadoji a kan ruwa, benaye masu shiga cikin hazo, mutane suna gudu kamar an biyo su. Ruwan sama yakan yi kwanaki yana zuba, har in manta kalar rana. Hajiya Kone gajeruwa ce mai kaifin murya, ba ta dariya a buro. Ranar farko ko kujera ba ta nuna mini ba. Ta ɗauki makullin mota ta ce in biyo ta. Da kanta ta tuƙa mu zuwa ƙungiya, ta tsaya a kaina har aka rubuta sunana, ta sa na karanta shi da bakina.

"Yanzu ka gani da idonka," in ji ta. "Daga yau kada ka sake yarda da abin da ba ka gani ba, ko da ni ce na faɗa. Wannan shi ne rabin aikinmu."

Ta faɗa mini abin da zan karɓa a shekarar farko, da ta biyu, da ta uku, kuma haka aka yi, ba ragi ba jinkiri. A karon farko na fara aika wa gida abin da ya wuce na hatsi. Rakiya ta sake sayen awaki, ƙanena ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Amma Hajiya tana da tsanani. Takan dawo mini da aikin mako guda saboda layi ɗaya, ta ce sa hannun kwantabul ba ado ba ne, amana ce ta mutanen da ba su san shi ba.

Ɗakina yana wata unguwa da sai an hau jirgin ruwa ake zuwa buro. Wannan ƙetarawa ta safe ita ce hutuna. Nakan zauna a baya in kalli hazo yana tashi daga ruwa, benaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zana su. A nan nake hira da Hauwa'u a zuciyata. Kullum ina ganinta 'yar ƙarama mai gudu tana faɗuwa, ko da yake muryar da nake ji a waya ta riga ta zama ta yarinya mai zuwa lakol, mai gaishe ni a gajarce ta miƙa wa uwarta.

Jarrabawar farko na faɗi. Na shiga buron Hajiya ina jin kunya kamar yaro, ita kuwa ko kai ba ta ɗago ba. "Ni sau biyu na faɗi," ta ce. "Rufe ƙofa, akwai aiki." A karo na biyu na ci. Da na ga sunana a allo ban yi ihu ba, ban yi tsalle ba. Na nemi wani benci na zauna, na ji jikina ya yi sakayau kamar wanda ya sauke dami bayan doguwar tafiya, har ban san yadda ake tafiya babu shi ba.

Hajiya Kone ta yi mini tayin zama abokin aikinta, da albashin da ko a mafarkina na tsakanin buhunan aya ban taɓa kai wa can ba. Na ce mata ina son in buɗe nawa buron a Maradi, akwai 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da ke kai lissafinsu har Yamai don neman sa hannu. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ba za ka samu rabin wannan a can ba."

"Na sani, Hajiya."

"To. In ka ɗauki mai sitaj, ka san abin da za ka yi ranar farko." A nan ne na ga murmushinta, sau ɗaya tak.

Da damina na dawo. Daga Cadawa zuwa gida gero ya kai ƙugu, kore shar ta ko'ina, na manna goshina a gilashin mota ina tsoron in ƙifta ido abin ya watse. Inna ta tsufa, ta shafa fuskata da hannu biyu tana kiran sunan Baba. Rakiya ta kawo ruwa ta durƙusa, muka gaisa kamar baƙi saboda mutane, idanunta kaɗai suka yi magana. Sai wata doguwar yarinya mai kallabi ta shigo, ta durƙusa can nesa da tabarma, ta ce, "Sannu da zuwa," ta tashi ta fita. Sai da ta fita na gane Hauwa'u ce.

Washegari da safe na ce zan je in ga gonar Baba. Na fita, na bi hanyar da na sani, sai na tarar da ita a toshe da sababbin gidaje. Na juya hagu na faɗa wani lungu, na dawo, na tsaya ina waige-waige a tsakiyar garin da aka haife ni.

"Ba nan ba ne."

Hauwa'u ce a bayana. Uwarta ta turo ta, ko ita ta biyo ni da kanta, ban tambaya ba. Ta wuce gaba na bi ta. Tana tafe tana nuna mini abubuwa da hannu, yadda ake yi wa baƙo. Wannan famfo ne, da safe ake samun ruwa. Wannan lakol ɗinmu ce. Wancan gidan mai gyaran babur ne, yana da kare, kada a bi ta ƙofarsa. Na ce to, na ce madalla, ban gaya mata cewa ni da mai gyaran babur ɗin aji ɗaya muka yi ba.

Da muka fita gari raɓa ta jiƙa mana ƙafafu. Ta tsaya a bakin gonar, ta ɗan saci kallona.

"Baba, a garinku ma ana noman hatsi?"

"Ai nan ne garinmu, Hauwa'u."

Ta juyo ta dube ni sosai. Sannan ta ce, "To mi ya sa ba ku san hanya ba?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kama gefen rigata da yatsu biyu, ta ce in bi a hankali akwai ƙaya, ta ja ni cikin gero.